Wane Fil Za a Fara Ɗagawa? Nazarin Jerin Cijewa a Koyon Buɗe Kwaɗo ba da Makulli ba a Jalingo

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan koyar da sana'o'in hannu, Jalingo, Jihar Taraba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tambayar da ɗan koyo ke yi wa maigidansa a rumfar gyaran kwaɗo: idan makulli ya ɓata, cikin fil biyar da ke cikin kwaɗon wanne za a fara ɗagawa? Maƙalar ta nuna cewa jerin yana cikin jikin kwaɗon tun daga masana'anta, aikin mai koyo shi ne ya gano shi da yatsunsa. Ta kuma fayyace wuraren da zaɓi ke dawowa hannun mai aiki, sannan ta kawo tsarin koyarwa da ya dace da kwaɗunan da ake sayarwa a Jalingo da yanayin garin.

1.0 Gabatarwa



Tun 27 ga Agusta 1991, ranar da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, garin yake buɗewa ta kowace fuska. Garin da ya zama mazaunin Sarkin Muri a 1893, zamanin Muhammadu Nya, yau ya miƙe har Mile Six da Nukkai da Kona. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008 ta jawo gidajen hayar ɗalibai birjik. Kowane ɗaki da ƙofarsa, kowace ƙofa da kwaɗonta, masu shaguna a Babbar Kasuwa da kan Hammaruwa Way kuwa ba kasafai suke yarda da kwaɗo ɗaya ba. Inda makullai suka yi yawa haka, dole ɓatansu ya yi yawa.

Duk wanda ya taɓa jefar da makulli a garin nan ya san abin da ke biyowa baya. A nemo guduma, ko zarto, ko a kira mai walda da injin yankan ƙarfe. Kwaɗo ya tafi, sau da yawa kunnen ƙofar ma ya tafi tare da shi, idan kubar cikin ƙofa ce sai an farke katakon. Asarar da ake yi wajen ɓallewa takan ninka kuɗin kwaɗon. Akwai masu yanka makulli da suka iya buɗewa salin-alin, amma ilimin nasu a hannu yake, kuma idan yaro ya tambaye su ta ina ake farawa, amsar takan zama "fara daga ciki ka fito" ko "fara daga baki ka shiga". Ina ganin wannan amsa ita ce ke jinkirta masu koyo, kuma ita ce dalilin wannan maƙala.

2.0 Abin da ke cikin silinda

Wanda ke son ganin abin da idonsa ya samu silindar kubar ƙofa, domin ta fi kwaɗon rataye sauƙin warwarewa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a faranti kafin ya zare komai, don sifirin ɗin ƙanana ne ƙwarai, idan ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa samunsa sai an sha wuya. Zai ga gida na tagulla, da zuciya mai juyawa a cikinsa wadda makulli ke shiga. An huda ramuka biyar a jere da suka ratsa gidan suka shiga zuciyar. A kowane rami akwai abu uku: fil na ƙasa mai ɗan tsini wanda haƙorin makulli ke taɓawa, fil na sama, da sifirin da ke danno su. Fil na ƙasa tsawonsu ya bambanta, kuma wannan bambancin shi ne sirrin makullin. Layin da zuciya ta haɗu da gida shi zan riƙa kira iyaka. Idan babu makulli, fil na sama suna tsaye a kan iyaka, rabi a gida rabi a zuciya, don haka zuciya ba ta juyawa. Makullin gaskiya yana ɗaga kowane fil daidai gwargwadon da mahaɗar na sama da na ƙasa za ta yi daidai da iyaka, duka biyar a lokaci guda.

Wannan siffa ta Linus Yale ƙarami ce, Ba'amurke, wanda ya yi mata rajista a 1861 da 1865. Dabarar kuwa ta girme shi da nisa. An tono kwaɗon katako mai fil masu faɗowa a kangon fadar Khorsabad da ke Iraƙi ta yau, kuma Dogon da Bambara na ƙasar Mali sun daɗe suna sassaƙa irinsa a ƙofofin rumbu da ɗaki: fil su faɗa cikin ramukan sakata, makulli ya ɗaga su. Ashe ba baƙon ilimi ba ne a Afirka ta Yamma.

3.0 Daga ina jerin yake fitowa?

Da a ce ramukan nan biyar a kan layi ɗaya suke cif-cif, faɗinsu ɗaya, fil ɗin ma kaurinsu ɗaya, da babu mai buɗe kwaɗo ta hanyar ɗaga fil ɗaya-ɗaya. Da an murɗa zuciya, duka biyar za su cije tare, hannu ba zai bambance komai ba. Amma babu injin da ke huda rami biyar ba tare da saɓani ba. Wani ramin ya ɗan karkata dama, wani hagu, wani ya ɗan fi faɗi, wani fil ɗin ya ɗan fi 'yan'uwansa kauri. Saɓanin ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. A makullan kamfanin Schlage na Amurka, tazarar da ke tsakanin zurfin haƙori ɗaya da mai bi masa inci 0.015 ce, wato kimanin milimita 0.38, saɓanin da muke magana a kai kuwa bai kai haka ba ko kusa. Duk da haka ya isa.

Mai aiki yana riƙe da ƙarfe biyu: mamurɗi, wanda yake sa wa a bakin ramin makulli ya ɗan karkata zuciya da shi, da tsinke mai lanƙwasasshen kai da yake taɓa fil da shi. Da zarar ya ɗora yatsa a kan mamurɗi, zuciya za ta juya ɗan mitsitsi har ta ci karo da fil guda ɗaya, wanda ya fi kusa da bangon raminsa ta ɓangaren da ake murɗawa. Wannan fil ya cije ke nan. Sauran huɗun suna nan sake, ba abin da ya matse su. Misalinsa mutum biyar ne suka ɗauko azara a ka: nauyin kan wanda ya fi tsayi yake sauka, idan ya durƙusa ya koma kan mai bi masa a tsayi, ko a gaba yake tsaye ko a tsakiya.

Idan aka ɗaga fil ɗin da ya cije sannu a hankali har mahaɗarsa ta kai iyaka, zuciya za ta ƙara juyawa kaɗan, fil na sama ya hau kan gaɓar zuciya ya zauna, ba zai iya komowa ba muddin yatsa na kan mamurɗi. Nan take wani fil ya karɓi nauyin. Haka za a bi su har na ƙarshe. Idan muka ba su lamba daga bakin kwaɗo zuwa ciki, wani kwaɗon jerinsa 3, 1, 5, 2, 4 ne, ɗan'uwansa da suka fito daga kwali ɗaya kuma 5, 4, 1, 3, 2. Yaron da aka ce masa kullum ya fara daga ciki, zai yi ta ɗaga fil na 5 yana sakinsa yana faɗowa, domin lokacinsa bai yi ba. Zai ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau, alhali umarnin da aka ba shi ne ya saɓa da kwaɗon.

Lissafin abin yana da ban sha'awa, kuma ina son malaman lissafi da ke zauren nan su lura da shi. Fil biyar ana iya jera su ta hanya 120, fil shida ta hanya 720. Mai cankar jeri da ka yana neman ɗaya ne cikin 120. Amma mai lalube da tsinke, a zagayen farko fil 5 zai taɓa don gano mai cijewa, a na biyu 4, sannan 3, 2, 1: taɓawa 15 ke nan idan abin ya yi tsanani, 21 ga mai fil shida. Haka kuma, kwaɗo mai fil biyar da zurfin haƙori iri 10 yana iya ɗaukar makullai 100,000 a lissafin takarda. Cijewa ɗaya bayan ɗaya ta karya wannan adadi, ta mai da shi tambayoyi biyar ƙanana, kowace da amsa 10. Irin wannan karyewar ce Matt Blaze, masanin tsaron kwamfuta, ya nuna a 2003 game da tsarin babban makulli mai buɗe ƙofofi da yawa: duk tsaron da za a iya gwada gaɓoɓinsa ɗaya-ɗaya, ƙarfinsa tarawa ne, ba ninkawa ba.

Tarihi ma ya shaida haka. Joseph Bramah ya ajiye kwaɗonsa a tagar shagonsa da ke Landan tun 1790, da alkawarin tukuicin kuɗi gini (guinea) 200 ga duk wanda ya buɗe shi. Shekara sittin da ɗoriya ba a samu ba, sai a 1851 Alfred Charles Hobbs ya zo daga Amurka ya buɗe shi cikin sa'a 51 da ya rarraba a kwana 16. A wannan shekarar ya buɗe kwaɗon kamfanin Chubb ma. Kwaɗunan ba masu fil ba ne irin na Yale, amma hanyarsa ita ce wannan: matsa, lalubi abin da ya cije, gyara shi, koma kan na gaba.

4.0 Abin da yatsa ke ji

Tunda kwaɗo ne ke faɗin jerin, darasin farko shi ne jin maganarsa. Fil yana cikin ɗayan hali huɗu. Wanda bai cije ba yana da laushi, ka tura shi sama sifirin ya maido shi. Wanda ya cije yana da tauri, yana tafiya da ɗan gurzawa. Wanda ya zauna, na ƙasansa yana lilo ba nauyin sifirin a kansa, idan ka tura shi ya ɗan motsa sannan ya tsaya cak. Na huɗu shi ne wanda ya zarce, kuma a kansa zan tsaya, domin shi ke karya zuciyar masu koyo.

Zarcewa tana faruwa ne idan an tura fil ya wuce iyaka, har na ƙasa ya shiga gida ya cije a can. Daga nan komai ya rikice. Yaro zai bi sauran fil ɗin ya tarar duk laushi gare su, babu mai cijewa, zuciya kuma ta ƙi motsi. Abin da yakan yi shi ne ya ƙara danna mamurɗi har yatsansa ya yi fari, wanda hakan ke ƙara ƙulle fil ɗin da ya zarce. Maganin akasin haka ne: ya sassauta yatsa kaɗan-kaɗan, kunnensa kusa da kwaɗon, har ya ji ƙaramin "ƙis" na faɗowar fil. Wataƙila wasu da suka zauna su faɗo tare da shi. Ba asara ba ce, domin yanzu ya san jerinsu, maido su ba zai ɗauke shi lokaci ba. Na fi son a koya wa yaro zarcewa da gangan tun makon farko, a ce masa ya tura fil ya wuce don ya san yadda hakan ke ji a hannu, maimakon a bar shi ya yi ta faɗawa ciki bai san sunan abin da ya same shi ba.

5.0 Inda zaɓi ke hannun mai aiki

Kada a fahimce ni cewa mai aiki ba shi da ta cewa. Yana da ita, sai dai ba a inda aka saba nema ba.

Da farko akwai hanyar lalube. Shawarar nan ta "fara daga ciki" tana da gaskiya idan aka ɗauke ta a matsayin hanyar bincike. Wanda ya kai tsinke can ƙurya ya riƙa jawo shi waje yana taɓa fil ɗaya-ɗaya ya fi sauƙin ƙirga inda yake, kuma jikin tsinken ba ya yawan tunkuɗe na gaba. Amma taɓawa daban, ɗagawa daban. Ya taɓa duka, ya ɗaga mai tauri kaɗai.

Sai ɓangaren murɗawa. Idan silinda tana juyawa dama da hagu, sauya ɓangare yakan sauya jerin, domin ramin da ya karkata dama shi zai fara cijewa idan an murɗa ta nan, ya koma na baya-baya idan an murɗa ta can. Sai dai ba kullum jerin ke juyewa kai da gindi ba. Fil mai kauri, ko rami mai ƙunci, da wuri zai cije ta kowane ɓangare. Wannan bambanci yana da amfani sosai idan aka haɗu da kwaɗon da dogon fil na ƙasa ya tsaya a gaban gajere. Gajeren yana buƙatar a ɗaga shi sama sosai, dogon kuwa kaɗan ya ishe shi, to wajen miƙa tsinke a kai ga na bayan sai jikin tsinken ya tura na gaban ya zarce. A nan mai aiki zai iya gwada ɗaya ɓangaren ko jerin zai zo masa da sauƙi, ko ya ɗauki tsinke mai zurfin lanƙwasa, ko ya mai da mamurɗi saman ramin makulli don ya samu fili a ƙasa. Yawancin kwaɗunan rataye ɓangare ɗaya suke buɗewa, don haka dabara ta farko ba ta aiki a kansu.

Nauyin yatsa ma zaɓi ne. Idan aka danna da ƙarfi, fil biyu ko uku za su cije tare, jerin ya ɓuya. A sassauta har ya rage ɗaya.

Wurin da ya fi buƙatar hankali shi ne kwaɗo mai fil na tsaro. Masu ƙera kwaɗuna masu tsada sukan sa fil na sama mai siririn ƙugu, kansa da gindinsa da faɗi, tsakiyarsa a rame. Idan fil na yau da kullum suka zauna, zuciya sai ta faɗa cikin wannan ƙugu ta juya sosai, har mai koyo ya yi murna ya zaci ya gama. Zaman ƙarya ne. Alamar fil ɗin da ya jawo shi ita ce idan ka tura shi, mamurɗi zai turo yatsanka baya. Dole ka bar zuciya ta koma baya kaɗan don faffaɗan gindin ya wuce iyaka, kuma a wannan komawar wasu fil da suka riga suka zauna sukan faɗo. Jerin a nan ya daina zama miƙaƙƙen layi, ya zama zagaye: 2, 4, 1, a dawo 4, sannan 5, a sake duba 2. Idan masu ƙugun sun fi ɗaya, a fara da wanda ya fi turo yatsa baya. Wanda aka rene shi da haddar jeri ba zai iya wannan ba, wanda aka rene shi da tambayar "wa ke cije yanzu?" bayan kowane motsi kuwa, bai ga sabon abu ba.

6.0 Kwaɗunan da ke kasuwarmu

Mafi yawan abin da ke rataye a ƙofofin Jalingo kwaɗunan ƙasar Sin ne, irin su Tri-Circle na birnin Yantai da masu kwaikwayonsa, sai jefi-jefi Yale ko Viro na Italiya. Masu arahar saɓanin ramukansu yana da yawa, don haka jerinsu a fili yake, sun dace da darasin farko. Wannan kuma shi ne aibinsu ga mai shago, kuma ya kamata mai gyara ya gaya wa abokin cinikinsa gaskiya: nauyin kwaɗo a hannu ba ya nuna kyan cikinsa. Kubar ƙofa mai dogon makulli faranta ne a cikinta maimakon fil, makunnin Keke Napep da kwaɗon durowa kuma 'yan siraran ƙarafa, amma duk ƙa'idar cijewa tana aiki a kansu.

Yanayi ma yana da hannu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ramin makulli, idan kuma an ɗiga baƙin mai, kamar yadda aka saba, sai ta dunƙule ta zama laka. Da damina, musamman a unguwannin da ke kusa da kogin Lamurde da Mayo Gwoi, sifirin na ƙarfe yakan yi tsatsa. A irin wannan kwaɗo fil yakan yi tauri tun ba a murɗa ba, mai koyo ya zaci cijewa ce. Gwajin mai sauƙi ne: a saki mamurɗi gaba ɗaya a taɓa fil ɗin. Idan har yanzu da tauri, datti ne, sai a wanke kafin a ci gaba.

7.0 Batun amana

Na san akwai mai cewa a ransa, wannan ai koya wa ɓarayi sana'a ne. Maganar tana bisa hanya. Dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ta lissafa buɗe kwaɗo don shiga gidan wani cikin laifin fasa gida, ko da ba a karya komai ba. A nawa ganin, ɓarawo gaggawa yake yi, ƙarfen ɓanɓara ya fi masa tsinken da ke neman natsuwa da watannin koyo. Wanda jahilcin wannan ilimi ke cuta shi ne mai sayen kwaɗo da bai san abin da ya saya ba. Ƙungiyar TOOOL ta masu wannan fasaha, wadda ta faro a ƙasar Holan, tana da ƙa'idar cewa ba a taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi. Mu muna da abin da ya fi wannan ƙarfi a tsarin koyon sana'armu: maigida ya san iyayen yaronsa, kuma ba a buɗe ƙofar kowa sai ga maƙwabci ko mai gidan haya ko mai unguwa a tsaye.

8.0 Tsarin koyarwa da gwajin da nake ba da shawara

Kayan aikin ba su da tsada. A samu silinda ɗaya a zare fil duka a bar ɗaya. Idan yaro ya san zama da zarcewa a kansa, a ƙara na biyu, a nan ne zai fara haɗuwa da jeri. Kada a ƙara na uku sai ya iya faɗin wanda ya fara cijewa kafin ya ɗaga shi. Kwaɗunan roba masu nuna ciki da ake sayarwa a intanet suna da amfani a ranar farko don bayani, bayan haka a ɗauke su, domin suna koya wa ido aikin da yatsa zai yi, kuma ramukansu sun cika sakwaf.

Kowane ɗalibi ya riƙe littafi. Ya rubuta lambar silinda, ɓangaren da ya murɗa, inda ya sa mamurɗi, da jerin da ya samu. Idan ɗalibai biyu suka samu jeri daban a silinda ɗaya, malam ya sa su sake a gabansa, galibi zai tarar ɗayansu yana danna mamurɗi fiye da kima.

Daga wannan littafi bincike na gaske zai iya fitowa, irin wanda sashen injiniya na kwalejin fasaha ko makarantar koyon sana'a a Jalingo za su iya yi da ɗan kuɗi kaɗan. A ɗauki silinda da aka san jerinta, a musanya fil na sama tsakanin ramuka biyu. Idan jerin ya bi fil ɗin zuwa sabon raminsa, kauri ne sanadi, idan ya tsaya inda yake, hudar ramin ce. A maimaita da kwaɗuna masu araha da masu tsada don a ga wane saɓani ya fi yawa a kowane aji. Sannan a rataye wasu a waje, a auna jerinsu a watan Janairu cikin ƙura, a sake aunawa a Agusta cikin ruwa, tare da ajiye 'yan'uwansu a cikin durowa don kwatantawa. Sakamakon zai gaya wa mai koyarwa irin kwaɗon da zai fara ba yaro, ya kuma ba mai gyara hujjar da zai nuna wa ɗan kasuwa idan ya tambaye shi wanne zai saya.